Minti Ɗaya

Shekara goma sha tara ina riƙe da alli.
Aji uku, firamaren Mabera,
yara tamanin da bakwai idan kowa ya zo.
In buga allo da sanda, su amsa
har kwanon rufi ya ɗauki muryarsu.
Na zaci wannan ƙarar ita ce karatu.

Ran Asabar nakan hau kabu-kabu
mu ƙetare gadar Kwalkwalawa,
fadama na tashin warin albasa.
Jikoki biyu a gida, ga ni ɗaliba,
zaune kan bencin jami'a
ina neman babbar difloma
a kan abin da zan rantse na iya.

Dakta Luba ba ta ɗaga murya.
Ta ce, ku koma, kowa ya ware yaro guda,
ku ba shi shafin da bai taɓa gani ba,
ku saki agogo minti ɗaya,
ku kama bakinku,
ku ƙirga kalmomin da ya furta daidai.

Na zaɓi Jabbi don ya fitar da ni kunya,
Jabbi mai maƙogwaro, jagoran amshi.
Ya dubi shafi, ya dubi bakina.
Ya sake duban bakina,
can littafinsa yake tun aji ɗaya.
Minti guda ya fi azumin bazara tsawo.
A gurbin da aka bari don maki
na zana sifiri,
na zuba masa ido kamar bakin rijiya.

Daren nan tuwo bai wuce mini ba.
Na kwanta a tsakar gida ina kiran sunaye:
Modi yana tuƙa tifa,
Ige na ɗinki a Tsohuwar Kasuwa.
Su nawa ne cikinsu
ke miƙa wa maƙwabci takardar asibiti
su ce, duba mini, idona na ciwo?

Sai aka fara da ni daga tushe.
Kunne kafin ido.
Sauti kafin sunan harafi.
Tafa gaɓa, yanka kalma, sake ɗinke ta.
Muna ce musu baƙaƙe,
ashe ga yaro baƙi ne,
ba wanda ya taɓa gabatar da su.

Na tara murafun kwalba ɗari biyu,
na rubuta wa kowane harafinsa.
Na ɗebo yashin Rima a tsohon faranti
don yatsa ya fara sanin hanya kafin fensir.
Jabbi, duba:
b ga cikinta gaba,
d ga goyonta baya,
ɗ ita ce dai, ta ɗaura kallabi.
Mako uku yana juya mini su.
Rannan na ji hannuna na neman sanda,
sai na zauna a kansa.

Kundina babi biyar ne.
Akwai jadawali, akwai kaso cikin ɗari,
akwai sunayen masana da harshena ke tuntuɓe a kansu.
Masu jarrabawa sun tambayi yawan samfuri,
na amsa, sun gyaɗa kai, an sa hannu.

Abin da ban sa a ciki ba shi ne wata Laraba.
An tashi, rana na dukan ƙeya,
na same shi tsaye gaban shagon Malam Buda,
yatsa a sama, leɓe na motsi
ga wani kwali da ya shekara rataye.
Ba.
Ba ba.
Ba ba-shi.
Ya yi shiru, ya sake bi daga farko.
Sannan ya juyo, ba dariya:
«Malama, ashe shi ya sa
in Inna ta aiko ni
ba ya ko ɗaga kai, sai ya nuna bango.»

Na biya kuɗin garin.
Ya ɗora a ka, ya wuce,
yana tsayawa ga kowace ƙofa mai rubutu.
Gobe kuma Kulu ce, sannan Tambari.
Saura tamanin da shida.